Goron Gayyatar da Bai Kori Kowa Ba

Akwai wata sanarwa da ake maimaitawa dare da rana a cikin manyan wasannin intanet irin su World of Warcraft da Final Fantasy XIV da EVE Online, har ta kai wanda ya zauna a cikinsu na mako guda yakan haddace ta ko da bai yi niyya ba. Ƙungiya kaza na neman sababbin mambobi. Mu mutanen kirki ne, tamkar dangi muke, babu rigima a tsakaninmu, ƙwararre da ɗan koyo duk muna maraba, muna taɓa kowane fanni na wasa, a zo a ji daɗi. Sunan ƙungiyar kaɗai ke canzawa. A ganina wannan ita ce gayyata mafi muni da mutum zai iya rubutawa, kuma muninta ya zarce rashin iya tsara magana. Cin amanar lokacin mutane ne aka lulluɓe da fara'a.

Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take a taƙaice. Waɗannan wasanni ne da mai yin su ke shiga rigar wani, ya zama mayaƙi ko mai magani ko matuƙin jirgin sararin samaniya, ya rayu da wannan suna tsawon watanni ko shekaru a cikin wata duniyar da aka ƙirƙira, wadda dubban mutane ke zaune a ciki lokaci guda. Asalin abin daga tebur ne: Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, ana yin sa da takarda da fensir da 'ya'yan ludo masu fuskoki da yawa. A 1978 Roy Trubshaw ya fara rubuta MUD a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi, wasan ya koma cikin kwamfuta, rubutu zalla babu hoto. Daga nan aka zo Ultima Online a 1997, EverQuest a 1999, sai World of Warcraft a ƙarshen 2004, wanda a 2010 masu biyan kuɗinsa na wata-wata suka kai miliyan 12.

Abin da ya sa maganar gayyata ta taso shi ne, an gina waɗannan wasanni ta yadda mafi girman abin da ke cikinsu ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya. A farkon World of Warcraft, shiga kogon Molten Core domin a kashe dodannin da ke ciki na bukatar mutum 40, kowa da aikinsa: wasu su tsaya gaba su zama garkuwa, wasu su riƙa warkar da waɗanda aka raunata, saura su yi ta sara. Dole su hallara a sa'a ɗaya, su zauna sa'o'i uku ko huɗu, su saurari umarnin mutum guda. In biyar daga masu magani ba su zo ba, daren sauran ya tashi a banza. Saboda haka 'yan wasa suke kafa ƙungiyoyi, kuma kowace ƙungiya ba ta rabuwa da neman sababbin hannaye, domin mutane na yin aure, suna sauya aiki, suna gajiya. Nick Yee, wanda ya shafe shekaru yana tattara bayanai daga dubban masu irin waɗannan wasanni, ya samu cewa matsakaicin lokacin da suke kashewa ya kai kimanin sa'o'i 22 a mako. Ma'aikacin gwamnati na yin 40. Ashe ke nan mai rubuta sanarwar neman mambobi rabin aikin ofis yake roƙo daga baƙo, ba tare da albashi ba.

Da wannan ma'auni ya kamata a karanta waccan sanarwa ta "kowa namu ne". Bahaushe ya san gayya tun kafin a san kwamfuta, kuma ya san ladabinta. Mai gayya yakan faɗi gonar, ya faɗi ranar, ya faɗi ko noma ne ko girbi, kuma kowa ya san akwai fura da tuwo. Da wani zai zaga gari yana cewa a zo gonarsa duk ranar da aka ga dama, ana yin kowane irin aiki, shi dai mutumin kirki ne, da ba wanda zai ɗauki fartanya, domin an gane bai shirya ba ko kuma akwai abin da yake ɓoyewa.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake yi wa kowace jimla a cikin irin wannan sanarwa: shin akwai ƙungiyar da za ta rubuta kishiyarta? Babu wadda za ta ce mu mugaye ne, muna son rigima, ba ma jin daɗi. Tunda kishiyar ba ta rubutuwa, jimlar ba ta ɗauke da labari; gaisuwa ce. Amma a ɗauki wannan: "Muna fita farmaki Talata da Alhamis, ƙarfe 8 zuwa 11 na dare agogon Faransa. Wanda ya yi fashi sau uku babu sanarwa zai rasa gurbinsa. Muna neman masu magani biyu, ba ma bukatar ƙarin masu takobi." Kowace gaɓa a nan wata ƙungiyar za ta iya faɗin saɓaninta, shi ya sa kowace gaɓa take da amfani. Mutum goma za su karanta, takwas su wuce, kuma wucewarsu ita ce aikin da sanarwar ta yi. An cece su daga ɓata makonni, an ceci ƙungiyar daga renon wanda ba zai zauna ba.

Maganar lokaci ba ƙarama ba ce, musamman ga ɗan wasan da ke zaune a Kano ko Zariya ko Maradi. Yawancin namu sabobin Turai suke shiga saboda su ne mafi kusa, kuma saƙo ya fi saurin zuwa ya dawo. Agogon Najeriya da Nijar ba ya motsi, na Turai kuwa yana matsawa sau biyu a shekara. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, ƙarfe 8 na dare a Faris ko Balin ƙarfe 8 ne a Kano. Daga ƙarshen Maris kuwa ya zama ƙarfe 7, wato daidai lokacin da ake sallame Magariba, ga Isha'i na tafe a tsakiyar farmakin. A ƙara da ɗaukewar wuta da yankewar data. Mutumin da ke da wannan yanayi yana bukatar ya sani tun daga farko ko ƙungiyar na yin hutun minti goma a tsakiya, da kuma yadda take ɗaukar wanda layinsa ya katse ana tsaka da yaƙi. Kalmar "muna da sassauci" ba ta amsa masa komai. Zai gano iyakar sassaucin ne a daren da mutum 19 suka mutu saboda shi, aka yi tsit a zauren murya.

Sai ganima, wadda ita ce ainihin abin da ke wargaza ƙungiyoyi, kuma ita ce abin da sanarwar 'yan fara'a ba ta taɓa ambata. Mutum 20 ko 40 sun kashe dodo, ya zubar da kaya uku ko huɗu. Wa zai ɗauka? Tun zamanin EverQuest 'yan wasa suka ƙirƙiro tsarin maki da ake kira DKP, inda halarta ke tara wa mutum maki, ya kashe su wajen sayen ganima. Wasu ƙungiyoyin majalisar manya ce ke zama ta raba bisa abin da ta ga zai amfani tafiyar. Wasu ƙuri'a suke jefawa. Kowane tsari da wanda yake fifitawa: maki na fifita tsohon hannu, majalisa na fifita wanda manya suka yarda da shi, ƙuri'a na iya bai wa baƙon da ya zo jiya abin da wani ya yi wata shida yana jira. Ba ina cewa ɗaya ya fi ɗaya ba. Abin da nake cewa shi ne, ƙungiyar da ta rubuta "babu rigima" amma ba ta faɗi yadda take rabon ganima ba, ta yi alkawarin sakamako ta ɓoye hanyar da ake bi a same shi. Rigima ba ta kaucewa domin an rubuta cewa babu ita. Takan ragu ne idan an san doka kafin kaya su faɗo ƙasa.

Kalmar da ta fi ba ni haushi kuwa ita ce "dangi". Dangi ba sa korar mutum domin hannunsa ba shi da sauri. Ƙungiyar da ke son ta kashe dodo mafi wuya dole wata rana ta ce wa wani ya zauna a benci, kuma babu laifi a cikin haka, haka ƙungiyar ƙwallo take yi. Laifin yana wajen kiran abin da sunan da ba nasa ba. Wanda aka ɗauka da sunan ɗan'uwa, ranar da aka ajiye shi ba zai ji an yi masa gyara ba, zai ji an yashe shi. Kuma kalmar tana da wani aiki na biyu da ya fi wannan muni: tana sa tambaya ta zama rashin kunya. Wa zai tambayi danginsa ƙa'idar rabo? Mai karatun da ya taɓa aiki a kamfanin da shugabansa ke cewa "nan gida ne" ya san abin da ke biyo baya, ya san cewa a irin wannan gidan ne ake aiki ranar Asabar ba a biyan kuɗin ƙarin lokaci.

Masana harkar ɗaukar ma'aikata sun daɗe da bin wannan sawu. A 1973 John Wanous ya wallafa wani bincike da ya yi a kan sababbin masu haɗa layin tarho a Amurka. An nuna wa wasu fim ɗin da aka saba, mai yabon aikin, aka nuna wa wasu fim ɗin da ya faɗi gaskiya, har da gundura da sa-idon shugabanni. Waɗanda suka ga na gaskiyar ba su guji karɓar aikin ba, kuma bayan sun fara ba su cika tunanin barinsa ba kamar 'yan'uwansu. Tasirin ba na mamaki ba ne, kuma ba na son in kumbura shi. Amma idan faɗin gaskiya na da amfani a inda ake biyan albashi, inda mutum ke da dalilin haƙuri ko da an yaudare shi, to ina ga inda babu abin da ke riƙe shi sai jin daɗinsa, kuma barin ƙungiya danna maɓalli ɗaya ne?

Bartle da na ambata ya rubuta wata maƙala a 1996 inda ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman cimma buri, masu son bincike da gano lungu, masu son hira da zumunci, da masu son fin ƙarfin wasu. An yi ta sukar rabon, kuma shi kansa ya faɗaɗa shi daga baya, amma jigon maganar na nan: mutane na shiga wasa ɗaya suna neman abubuwan da ke cin karo da juna. Mai buri yana ganin hirar minti 20 kafin farmaki ɓata lokaci ce, mai zumunci kuwa hirar ce ta kawo shi. Sanarwar da ta ce "muna yin komai" ta kira su duka, ta zuba su ɗaki ɗaya, kowa na zaton shi aka yi wa alkawari. Sunaye 300 a rajista, ranar farmaki a rasa 20. Taron tsintsiya ke nan, ba shara. Masu binciken cibiyar PARC ta Kalifoniya da suka bibiyi ƙungiyoyin World of Warcraft a tsakiyar shekarun 2000 sun samu cewa ƙungiyoyin ba su da ƙarko, da yawa na ɓacewa cikin ɗan lokaci. Ban yi mamaki ba.

To, masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma hujjar tana da suna: WildStar. Wasa ne da kamfanin Carbine ya fitar a watan Yunin 2014, da yawa daga maginansa tsofaffin ma'aikatan Blizzard ne. Tallarsa ba ta ɓoye komai ba, alfahari ma take yi da wuya. An dawo da farmakin mutum 40, kuma kafin a bar ka ka shiga farmakin farko sai ka haye matakai 12 masu cin makonni. An kori raggwaye tun daga ƙofa, kamar yadda nake wa'azi. Me ya faru? A 2015 aka cire kuɗin wata saboda mutane sun watse, a Nuwamban 2018 aka rufe wasan ɗungurungum. Sai su ce: ga sakamakon gayyatar da ke kora.

Ban yarda ba, kuma dalilina biyu ne. Na farko, kamfanin da ya zuba dukiya mai yawa yana bukatar dubban ɗaruruwan masu biya ba daidai yake da ƙungiyar da ke neman masu magani biyu ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, tallar WildStar ita ma daɗin baki ce, ta wata fuskar. "Wannan wasan na maza ne, ba kowa zai iya ba" magana ce da ke shafa kan mai sauraro, domin kowa na so ya ɗauki kansa cikin 'yan ƙalilan ɗin. Ta jawo mutanen da suka yi Molten Core suna ɗalibai a 2005, waɗanda a 2014 suna da mata da 'ya'ya da aikin safe. Sun so a kira su jarumai, ba su da sa'o'in jarumtar. Faɗin cewa abu na da wuya bai wadatar ba, sai an faɗi wuyar a ma'aunin da mutum zai iya ɗorawa a kan makonsa: dare nawa, sa'a nawa, wata nawa kafin a ga amfani.

Nan ne wurin tuna tallar nan da ake jingina wa Ernest Shackleton, wadda aka ce ya buga a jarida yana neman mazan da za su bi shi Antatika, yana yi musu alkawarin ƙaramin albashi da sanyi mai tsanani da duhu da rashin tabbacin dawowa. Masu koyar da dabarun talla sun mai da ita aya. Sai dai an daɗe ana neman ta a jaridun zamanin ba a same ta ba, kuma da alama ƙirƙirar bayan fage ce. Ko da ma ta tabbata, ba gargaɗi take yi ba, kirari take yi wa mai karatu.

Hujja ta biyu ta masu adawa ta fi ta farko ƙarfi. Gayyata mafi nasara a tarihin waɗannan wasanni na baya-bayan nan ba ta kori kowa ba. Final Fantasy XIV ya fito a 2010 a lalace, har kamfanin Square Enix ya sauya shugabannin aikin ya ɗora Naoki Yoshida, aka rufe sabobin a Nuwamban 2012, aka sake buɗe wasan sabo a Agustan 2013. A 2020 aka faɗaɗa gwajin kyauta, sai 'yan wasan da kansu suka ɗauki jimla guda suka yi ta watsawa a ko'ina kamar waƙar talla: cewa wasan na da gwajin kyauta har zuwa mataki na 60, ya haɗa da babin Heavensward, kuma babu iyakar lokaci. Abin ya zama barkwanci, amma ya yi aiki. A Disamban 2021, da aka fitar da babin Endwalker, cunkoso ya kai kamfanin ya dakatar da sayar da wasan ga sababbi na ɗan lokaci, ya kuma tsayar da rajistar gwajin kyautar.

Amma a sake duba jimlar. Babu "dangi" a ciki, babu "a zo a ji daɗi". Lamba ce, da sunan babi, da sharaɗi. Kowace gaɓa ana iya tabbatar da ita ko a ƙaryata ta cikin minti biyar. Kuma abin da take roƙo kaɗan ne: zo ka gani da idonka, ba ka biya komai ba, ba wanda ke jiran ka ranar Talata. Gwargwadon abin da gayyata ke nema daga mutum, gwargwadon bayanin da take bin sa bashi. Wadda ke neman yammaci ɗaya za ta iya buɗe ƙofa ga kowa. Wadda ke neman dare biyu a mako har shekara ba ta da wannan 'yanci. Ko ita wannan jimla ma tana da abin da ta yi shiru a kai, domin mai gwajin kyauta ba ya iya shiga ƙungiyar 'yan wasa ta dindindin, ba ya ciniki a kasuwar wasan, kuma an ƙayyade kuɗin da zai iya tarawa.

EVE Online, wanda kamfanin CCP na Aisland ya ƙirƙira, shi ne inda wannan magana ta fi fitowa fili, domin a can kuskuren amsa gayyata na da farashi. Jirgin da aka harbe ya tafi ke nan, kuma kamfanin bai hana damfara da cin amana a cikin wasan ba, yana ɗaukar su wani ɓangare na duniyar. A watan Janairun 2014 aka gwabza yaƙin B-R5RB, wanda ya samo asali daga kuɗin hayar yanki da ba a biya ba, ya ɗauki kimanin sa'o'i 21, aka hallaka manyan jiragen Titan 75, aka ƙiyasta asarar da kusan dala 300,000. Jaridun duniya suka ɗauka. A ƙarshen shekarar kamfanin ya fitar da tallar "This is EVE", wadda aka haɗa da muryoyin 'yan wasa na gaske a fagen daga, da ihunsu da dariyarsu da firgicinsu. Talla ce mai kyau, kuma babu ƙarya a cikin ko daƙiƙa ɗaya nata. Duk da haka ina ganin rabin gaskiya ce. A irin waɗannan manyan yaƙe-yaƙe sabar kan rage gudun lokaci har zuwa kashi ɗaya cikin goma domin ta iya ɗaukar nauyin jama'a, sai mutum ya danna harbi ya tashi ya dafa shayi. Sabon shiga da tallar ta jawo yakan tarar da kansa shi kaɗai yana haƙar duwatsu, ba wanda ya ce masa sannu.

Waɗanda suka fi iya gayyata a EVE 'yan wasa ne. EVE University, da aka kafa a 2004, ta faɗi aikinta a sunanta: koyarwa, sa'an nan ka tafi inda ka ga dama. Brave Newbies, da ta taso a farkon 2013, ta ce wa sababbi su hau jirgi mai arha, su zo a tafi yaƙi yau, za a harbe su, za su dawo a sake. Cikin ɗan lokaci ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin wasan. Wani zai ce ai wannan ma "kowa ya zo" ce. A'a. Ta faɗi abin da za a yi, ta faɗi abin da za a rasa, kuma wanda ba ya son asara ko yake son tsari mai tsauri ya gane nan take cewa ba gidansa ba ne. Manyan ƙungiyoyin yaƙi kuwa sukan nemi mai neman shiga ya ba su izinin duba wasiƙunsa da asusunsa na cikin wasan, saboda tsoron ɗan leƙen asiri. Tsoron ba na banza ba ne: a Fabrairun 2009 wani darakta guda ya rushe ƙawancen Band of Brothers, mafi ƙarfi a lokacin, bayan ya koma wajen abokan gaba. Ƙungiyar da ta rubuta wannan sharaɗin a sanarwarta ta girmama mai karatu, ko da sharaɗin ya yi masa nauyi.

A EVE ɗin ne kuma aka san damfarar gayyata. A yi wa baƙo maraba da hannu biyu, a ce ya ajiye kuɗin jingina ko ya miƙa kayansa a kai masa sansani, daga nan labari ya ƙare. Abin lura shi ne harshen ɗan damfarar. Ba ya taɓa cewa ba ka dace ba. Ba ya tambayar lokacin da kake samun sarari. Shi ne ya fi kowa fara'a, shi ne ya fi kowa cewa mu dangi ne. Shugaban ƙungiya mai gaskiya da ya rubuta sanarwar "kowa namu ne" ya ari rigar ɓarawo bai sani ba, ya kuma koya wa sababbi cewa haka gayyatar kirki take.

Mu nan ba baƙi ba ne ga ƙarshen wannan hanya. A 2021 wasan Axie Infinity ya cika Filifin da wani tsari da aka yi wa laƙabi da tallafin karatu: mai jari ya sayi halittun wasan, ya ara wa talaka ya yi ta bugawa, a raba abin da aka samu. Darajar kuɗin wasan ta faɗi warwas, a Maris 2022 kuma aka sace sama da dala miliyan 600 daga gadar kuɗinsa ta Ronin. A 2024 Hamster Kombat ya shigo wayoyin Arewa ta Telegram, ana ƙara wa mutum maki a kan kowane aboki da ya jawo, har aka raba abin da aka raba a watan Satumba, jama'a da dama suka ga abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Waɗannan ba wasannin shiga riga ba ne irin waɗanda nake magana a kai, amma sun nuna abin da ke faruwa idan ladan mai gayya ya rataya a kan yawan kawuna. Ba ya sake tambayar ko kai ne mutumin da ya dace, domin kowane kai kuɗi ne.

Ƙaramin sigar abin ita ce ta fi taɓa ni, wato wasannin labari da mutum biyar ko shida ke yi da rubutu a Discord, ko da murya a Roll20, ɗaya na jan ragamar labarin, saura na riƙe da taurarinsa. Nan ba kamfani, ba kuɗi, ba ganima. Duk da haka sanarwarsu ta fi kowace cika da ado: sakin layi goma na tarihin masarautar da mai labarin ya ƙirƙira, da sunayen sarakunanta da gumakanta da yaƙe-yaƙenta na shekara dubu, babu layi ɗaya a kan abin da ɗan wasa zai yi a zaman farko. Mai labarin ya rubuta abin da ya ji daɗin rubutawa. Wanda zai shiga kuwa tambayoyinsa daban ne. Labarin na ban tsoro ne ko na ban dariya? Sau nawa ake so in yi rubutu, kullum ko sau biyu a mako? Tauraron da na yi wata uku ina ginawa zai iya mutuwa? Akwai abubuwan da aka amince ba za a kawo cikin labarin ba, na batsa ko na azabtarwa ko na izgili ga addini? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce ga Musulmi ko Kirista mai kishin addininsa da zai zauna da baƙi daga nahiyoyi uku, kuma gano amsarta a tsakiyar zama na shida abin kunya ne ga kowa.

Akwai kuma tambayar da kusan ba mai amsawa a rubuce: yaushe labarin zai ƙare? Irin waɗannan wasanni ba sa mutuwa da faɗa. Mai jan ragamar ne ke samun ƙarin aiki a ofis, amsarsa ta fara jinkiri daga kwana ɗaya zuwa mako, sai wata rana a duba a ga wata biyu ba wanda ya ce uffan, taurarin na tsaye a bakin ƙofar wani kogo har abada. Sanarwar da ta ce "zama takwas ne, daren Asabar, daga nan mu duba ko za mu ci gaba, in na yi mako biyu ban amsa ba, wane zai karɓi ragama" ba ta da ƙyalli ko kaɗan idan aka ajiye ta kusa da tarihin masarautar shekara dubu. Amma likitan da ke kwanan asibiti sau biyu a mako zai iya buɗe jadawalinsa ya ƙirga Asabar takwas, ya ga uku sun faɗa ranar aikinsa, ya rubuta wa mai labarin ya tambaya ko za a iya matsar da su zuwa Lahadi.